Kawu da Allon Ban Sani Ba

Daga Allah muka fito, wurinsa za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu kama hanya. Allah ya sa ya huta. Na fara da wannan ne don kada mai karanta abin da ke biye ya ɗauka ban yi masa addu'a ba. Na yi, ina kuma kan yi. Amma ban zauna rubutun nan don in shafa masa mai ba. Masu shafawar sun cika gidanmu na Dakoro kwana bakwai, har sai da muka ari tabarmi a maƙwabta.

Ina cikin gida tare da mata, bango ɗaya ya raba ni da zaure, don haka babu abin da ya wuce kunnena. Wani ya ce marigayi mutum ne mai sanyin hali. Innata, wadda take ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ta ɗago ta dube ni, na dube ta, kowa ta mai da idonta ƙasa. Wani ya ce bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Na gane muryar. Mutumin ne da Kawu ya taɓa fatattaka daga biro, wato ofishinmu, har ya manta hularsa, kuma hular tana nan rataye har yau, bai dawo ɗauka ba. Duk wannan na shanye, don zaman makoki ba wurin gyara zance ba ne.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne maganar mataimakin Kawu a wurin aikinmu na ordinatar, wato kwamfuta. Ya gyara murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Mun yi babban rashi. A harkar ordinatar babu abin da marigayi bai sani ba."

Mutane suka amsa da ƙwarai kuwa. Ni kuwa raina ya ɓaci. Shekara shida mutumin nan yana zaune kusa da Kawu, yana ganin sa kowace safiya da alli a hannu yana rubuta abin da bai sani ba. Da zaginsa ya yi a gaban jama'a, da ya fi mini sauƙi.

Ran sadakar uku mataimakin ya aiko a kira ni bakin ƙofa.

"Ƙanwata, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Shugabannin makiyaya za su zo biro ran bakwai, in an watse. Da sunka tambaye ni ko aiki zai ci gaba, na ce masu sashen saƙo shina hannunki, marigayi ya koya maki komi." Bai jira in buɗe baki ba. "In munka nuna masu rauni, Yamai za su kai aikin, mu huɗu mu koma gida mu zauna. Allon nan ma zan sa a goge kahin su shigo. Bai kyautu baƙi su iske jerin jahilcinmu a bango ba."

Na ce masa na ji. Ban ce na yarda ba, amma ban musa ba, kuma shi ya san hakan ya ishe shi. Gaskiyar ita ce ban san sashen saƙo ba. Kwana huɗu ke gabana in zaɓa: ko in gyaɗa kai a gaban dattawan nan mu riƙe aikinmu, ko in faɗi gaskiya mu rasa shi.

Ga wanda bai san mu ba, ga aikin. Wata ƙungiyar makiyaya ce ta ɗauke mu, mu biyar har da Kawu, muna rubuta mata manhaja. Akwai mutanen da ke zaune kusa da rijiyoyin daji, daga nan har arewa wajen Tagriss, suna aiko mana labari: wace rijiya ke da ruwa, wace ta rufta, ruwan yana nisan nawa. Manhajar tana tattarawa, ta aika wa makiyaya saƙon murya a ƙananan wayoyinsu. Da damina babu wanda ya damu da mu, tafkuna cike suke. Da sun fara ƙafewa, kowane mai garke yana taɓa aljihunsa ya ji ko waya ta yi motsi. Sashen saƙo shi ne wanda ke zaɓar wa za a aika wa me, ya riƙe saƙon har wayar mutum ta samu rezo, wato sabis. Kawu kaɗai ya rubuta shi, kuma ya rasu daidai lokacin da tafkuna suka koma laka.

Kawu mushe ne tun asali, wato malamin makaranta, na lissafi. Ya koyar a lakwal, makarantar boko, shekaru, ya tafi Yamai ya faɗa aikin ordinatar tun tana cika rabin tebur, ya dawo gida da furfura da baƙin rai. Dogo ne, siriri, yana karanta layukan manhaja da yatsa a kan gilashi, don haka kowace ordinatar a biro tana da tabon goro. Shi ya ba ni ta farko da na mallaka, tsohuwa, maɓallinta ɗaya ya ɓalle. Da na gode masa cewa ya yi, "Kada ki gode, ban san ko za ki iya ba tukun."

Allon kuwa tsohon allon aji ne, baƙi, kusurwarsa ɗaya ta karye. A samansa ya rubuta da farin fenti: BAN SANI BA. Kowace safiya, kafin a ɗora shayi, kowa zai ɗauki alli ya rubuta abu ɗaya da bai sani ba a cikin aikinsa, ya sa sunansa. Ba a goge layi sai wani ya rubuta amsa a ƙarƙashi, mai tambayar ya ce ya gamsu. Kawu ne ke fara rubutawa, kullum, kuma ba tambayar wasa yake yi ba. Na sha ganin ya rubuta abin da yaron da ya gama jami'a jiya zai yi kunyar tambaya. In wani ya ce yau ba shi da abin rubutawa, sai Kawu ya miƙa masa hannu ya ce, "Barka. Tunda ka gama sani, tahi gida ka huta, mu jahilai mu sha shayinmu." Kuma da gaske yake. Ranar ba ka da kofin shayi.

Kalmar da ya fi tsana a duniya ita ce "na gane". In ka faɗe ta, sai ya jingina da kujera ya harɗe hannu. "To maimaita mani da bakinka." In ka fara kame-kame, ba zai taimake ka ba, ba zai kau da kai ba, zai zuba maka ido har ka gama nutsewa. Daga nan ya miƙo alli. Na ga magidanci mai ƴaƴa huɗu yana share hawaye a bayan biro saboda wannan kallon. Masu cewa mai sanyin hali ne, su je su tambaye shi.

An taɓa turo mana wani masani daga Yamai ya ba mu horo na kwana biyu. Ya zo da takalmi mai sheƙi da Faransanci mai kauri. Ana cikin bayani Kawu ya ɗaga hannu kamar ɗan aji, ya tambaye shi me zai faru in wayar makiyayi ta yi wata guda ba rezo, saƙonni biyu masu karo da juna suna jiran ta. Masanin ya yi magana kusan minti goma. Ya zagaya, ya kawo sunayen manyan na'urori, ya dawo inda ya faro. Kawu ya bari ya gama tsaf, ya tashi, ya sa masa alli a tafin hannu, ya nuna masa bango.

"Mi zan yi da wanga?" in ji baƙon.

"Ka rubuta. Ni ma ban sani ba, shi ya sa na tambaye ka. Sai mu zama mu biyu."

Baƙon bai rubuta ba. Bai kuma dawo rana ta biyu ba, ya ce zazzaɓi. Mataimakin Kawu ya yi mako yana ba da haƙuri ta waya.

Shi mataimakin bai taɓa son allon ba. Abin da yake rubutawa kullum irin tambayar da ya riga ya san amsarta ce, don ya samu shayi kawai. Wata rana ya zo da dabara: ya girka mana wani shafi a ordinatar inda kowa zai iya jefa tambaya ba tare da sunansa ya fito ba. Ya ce haka manyan kamfanoni ke yi, don mutane su daina jin kunya. Mun zaci Kawu zai yi tsawa. Sai ya duba, ya gwada, ya ce abu ne mai kyau, mai jin nauyi ya fara daga nan. Washegari tambaya ta farko ta bayyana a shafin da ba a sa suna, a ƙarshenta an rubuta sunan Kawu cikakke har da na mahaifinsa. Ya ce shi bai iya tambaya a ɓoye ba, in an ba shi amsa yana son mai amsar ya san wa ya taimaka. Shafin ya rayu, kuma ya yi amfani, don sauran abokan aikinmu biyu a nan suka koyi buɗe baki. Amma allo bai sauka daga bango ba.

Ko a cikin manhajar haka yake. Masu wannan sana'a suna barin ɗan bayani a gefen layukan da suka rubuta don na baya. Na wasu yana cewa ga abin da layin ke yi. Na Kawu, da Hausa, yana cewa: "Ban san dalilin da ya sa wannan ke aiki ba, na gwada ne ya yi." Wani wurin: "Nan ina zato ne, ba sani ba." Wani wurin kuma: "Kada a taɓa sai an tambaye ni." Wannan na ƙarshen na karanta shi sau da yawa a kwanakin makoki, kuma kowane karo sai na ji kamar in jefar da ordinatar.

Yanzu sai faɗanmu, don ba zan tsallake shi ba.

Shekara biyu da suka wuce ya ba ni aikin gyara wurin da ake shigar da zurfin rijiya. Ya tsaya a kaina ya ce, "Ɗiyata, kin gane ma'aunin da suke aiko muna da shi?" Na ce na gane. Ranar waya ta kira shi, bai ce in maimaita ba. Ni kuwa na fito jami'a da kaina a sama, abin da na sani shi ne ana auna zurfi da mita. Mutanen daji da gaba suke aunawa, wato buɗin hannu biyu, kamar yadda suke auna igiya. Sai na ɗauki lambar da suka aiko a matsayin mita, na sa manhaja ta mai da ita gaba kafin ta aika. Rijiya mai gaba arba'in ta fita a saƙo tana da ashirin da ƴan kai.

Wani dattijon makiyayi ya ji saƙon. Doguwar igiya nauyi gare ta, kuma shi da ƙanensa suke raba ɗaya, sai ya bar wa ƙanen doguwar, ya ɗauki gajera, ya kora shanunsa tafiyar kwana biyu cikin bazara. Ya isa, ya zura wasaki, gugansa na fata, igiya ta ƙare ruwa yana can ƙasa yana ƙyalli. Babu kowa a wurin. Kafin a kawo masa doguwar, saniya ɗaya da maruƙa uku sun faɗi.

Da labari ya iso, Kawu bai yi tsawa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya kira kowa, ya ba ni alli, ya faɗa mini abin da zan rubuta, kalma bayan kalma: "Ban san bambancin gaba da mita ba, kuma na ce na sani." Na rubuta hawaye na zuba. Ɗaya daga cikin abokan aikinmu ya tausaya mini, ya yi maza ya rubuta amsa a ƙarƙashi, ya ɗauko tsumma zai goge. Kawu ya riƙe masa hannu.

"Rabin hwarko ka amsa. Rabi na biyu hwa?"

Layin nan ya yi shekara guda a bango. Duk wanda ya shigo biro ya karanta shi da sunana a ƙarshe: mai kawo ruwa, mai gyaran wutar lantarki, dangin mijina da suka zo gaishe ni. Na roƙe shi, Innata ta roƙe shi, matarsa ta daina yi masa magana kwana uku. Ya ce ba shi ya kashe maruƙan ba. Na yi laifi, ban musa ba, kuma har yau in na ga ɗan maraƙi a kasuwa gabana yana faɗuwa. Amma shekara guda zalunci ne, kuma mutuwarsa ba ta sa na canza ra'ayi ba.

Tun daga ranar na juya teburina na ba allon baya. Tambayar safiya a shafin ordinatar nake jefawa, abin da bai kai ya kawo ba, in karɓi shayina. Ko da ya goge layin daga baya, da hannunsa, ba tare da ya ce mini uffan ba, ban juyo ba. Shekara biyu ban karanta allon nan ba. Ya sha kira na in zauna kusa da shi ya nuna mini sashen saƙo. Sau uku muka gwada. Kowane karo zai ce in maimaita, ni kuwa da na ji kalmar sai jinina ya hau, in ce ni ba ɗiyar aji ba ce, shi ya ce ɗiyar aji ta fi ni, ita ba ta kashe maraƙi ba. Sai in tashi. Daga baya in an tambaye ni a taro, sai in ce ina dubawa. A kan wannan "ina dubawa" mataimaki ya gina ƙaryarsa, don haka ba shi kaɗai ke da ita ba.

Akwai kuma abin da nake riƙe da Kawu da shi wanda ya fi wancan. Mutumin da ya tilasta wa kowa ya fallasa abin da bai sani ba, shi ya ɓoye abin da ya sani. Wata shida kafin rasuwarsa likita ya gaya masa ciwon da ke cikinsa. Matarsa kaɗai ya gaya wa, ya sa ta rantse. Muna ganin yana ramewa, yana cewa azumin nafila ne. Da ya faɗa, da na haɗiye fushina na zauna kusa da shi ko zai zage ni daga safe har yamma. Ya kwanta ranar Juma'a, Laraba aka kai shi makwancinsa. Na tambayi matarsa dalili, ta ce, "Cewa ya yi bai son ki koya don tausai." Wannan girman kai ne, ko da wane suna aka kira shi.

Kwana huɗun nan kafin ran bakwai na buɗe sashen saƙo kullum, tsakanin gaisuwa da gaisuwa, ordinatar a kan cinya a ɗakin Innata. Na gane kamar rabi. Sauran rabin kuwa ina iya sa shi ya tashi, ya aika saƙo, amma ban san me zai yi ba in abu ya karkace. Irin sanin da na yi wa gaba da mita ke nan. Innata ta lura. Ta ce, "Ke dai ki yi abin da zai bar ku da aikinku, ɗiyata. Mamaci ya tahi, masu rai ke cin tuwo." Ban ga laifinta ba. Ɗaya daga cikin abokan aikinmu matarsa na da tsohon ciki, ɗayan shi ke riƙe da iyayensa a Kornaka.

Ran bakwai, bayan an yi addu'a an watse, na tafi biro. Na riga dattawan isa da kaɗan. Na tarar da mataimaki tsaye gaban allo da jiƙaƙƙen tsumma, ya riga ya share gefen hagu. Don in hana kaina kallon fuskarsa, sai na kalli allon, karo na farko cikin shekara biyu.

A kusurwar dama, can sama inda tsayin Kawu kaɗai ke kaiwa, akwai layi da rubutunsa mai jirkicewa. Allin ya dushe, alamar ya daɗe. An rubuta: "Ban san yadda zan koya wa ɗiyar ƙanwata sashen saƙo ba tare da mun yi faɗa ba." Sunansa a ƙarshe. Ƙarƙashinsa babu komai.

Na tambayi abokan aikinmu tun yaushe yake nan. Suka ce ya kai wata biyar. Wata biyar yana bayan ƙeyata, su uku suna karanta shi kowace safiya, babu wanda ya taɓa kafaɗata ya ce juyo. Suka ce tsoro suke ji, nasa da nawa. Ban taɓa jin haushin mutane irin na ranar ba, kuma mafi yawansa nawa ne.

"Aje tsumman nan," na ce wa mataimaki.

"Ƙanwata, ga su nan tahe."

"Ba a amsa shi ba. Ba a gogewa."

Dattawan suka yi sallama, su uku. Na gaba shi ne shugaban ƙungiya. Na bayansa wani tsoho ne mai rawani da sanda, ban san shi ba. Aka zauna, aka sake gaisuwar rashi. Mataimaki ya fara jawabi, ya ce marigayi ya bar komai a tsare, ya nuna ni ya ce ga magajiyarsa, sashen saƙo a tafin hannunta yake. Shugaban ya juyo gare ni.

"Malama, haka ne? Tabkuna sun ƙahe. Mutanenmu suna jiran waya."

Na tashi. Na nufi allon. Na ɗauki alli, na rubuta a gefen da aka share, da manyan baƙaƙe yadda mai karatu cikinsu zai gani: "Ban san rabin sashen saƙo ba, kuma na bari an ce na sani." Na sa sunana. Sannan na karanta musu da baki, na ce rabin da na sani ga shi, rabin da ban sani ba ga shi, kuma ba zan aika wa kowa saƙon da ba zan iya tsaya masa ba. Na ce in za su kai aikin Yamai, hakkinsu ne.

Mataimaki ya ce baƙin ciki ne ke sa ni magana haka. Babu wanda ya dube shi. Shugaban ya ɓata fuska, ya ce wannan ba ƙaramar magana ba ce, dabbobin mutane ba sa jiran karatu. Sai tsohon mai rawani ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya.

"Ke ce ɗiyar igiya?"

Na ce ni ce. Ban taɓa ganin sa ba sai ranar, amma na san ko wane ne.

"Kawunki ya zo har inda nike, bayan abin nan. Motar kasuwa ta aje shi, ya ƙarasa a kan babur, da sabuwar igiya gaba hamsin a bayanshi. Na ce mashi wa ya yi wanga aiki, in san shi. Ya ce shi ne, don ya tambaye ki sau ɗaya ya tahi amsa waya, bai san ba ki sani ba, kuma sanin wannan aikinshi ne. Na riga na jehwa wayata cikin buhu, na ce ba ni ƙara saurarenta. Ranar na hiddo ta." Ya juya ga shugaban. "Na Yamai in sunka yi kure, wa zai zo shi gaya muna?"

Kawu bai taɓa gaya mini ya yi tafiyar nan ba. A lokacin cewa ya yi za shi biki Sabon Maci.

Ba su ba mu aikin kai tsaye ba, kuma ba su ƙwace ba. Suka ce wata ɗaya. A cikinsa rijiyoyin da na tabbatar kaɗai za a aika, sauran a gaya wa makiyaya a fili cewa biro bai sani ba, su tambayi na gaba da su kamar yadda ake yi tun da. In wata ya cika ban gane sauran ba, za su nemi wasu. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan. Na gane abu biyu daga cikin waɗanda Kawu ya ce yana zato ne, ɗayan ma kuskure ya yi, kuma na ji daɗin kama shi fiye da yadda ya kamata. Ko za mu kai, ban sani ba. Mataimaki ya daina gaishe ni, abin da bai rage ni da komai ba.

Da dattawan suka fita ranar, na jawo kujera na taka, don hannuna ba ya kaiwa inda nasa ke kaiwa. Na daɗe tsaye da alli. Dokarsa ce layi ba ya gogewa sai mai tambaya ya ce ya gamsu, kuma mai wannan tambayar ba zai sake cewa komai ba. Na so in rubuta masa cewa da ya rage tsawa, da ya goge layina da wuri, da ya gaya mini ba shi da lafiya. Duk gaskiya ne, amma ba amsa ba ce. Sai na rubuta a ƙarƙashi: "Ni ma ban sani ba, Kawu." Na sa sunana, na sauko, na juya teburina ya fuskanci allon.

Allah ya gafarta masa zafin ransa, ya gafarta mini nawa, ya yalwata masa inda yake kwance. Wanda ya san shi ya yi masa addu'a. Amma don Allah kada a ƙara cewa ya san komai.